Shin Ko Kun San? Takardar da Ke Rakiyar Iskar Guba Zuwa Hartum

Shin ko kun san kulorin, maganin da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi a ruwan famfon Hartum da Omdurman, muddin yana kan hanya a cikin tukwanensa na ƙarfe, iskar guba doka ta ɗauke shi? Matatar ruwa ta Almanara da ke Omdurman, wadda aka buɗe a 2010, an gina ta ne don ta tace mita kubik 200,000 na ruwan Nilu kowace rana. Ruwa mai yawan haka ba ya shawuwa sai da magani, kuma galibin kayan da suka biyo teku sai sun sauka a Fot Sudan, sannan su ci tafiyar kimanin kilomita 800 kafin su iso birnin.

Ko kun san tun 1956 Majalisar Ɗinkin Duniya ke da littafin ƙa'idojin jigilar kaya masu haɗari? A yau an kasa kayan gida 9. Iska ce rukuni na 2, mai guba a cikinta kuma 2.3. Kowace tana da lambarta: kulorin UN 1017, amoniya UN 1005, fosjin UN 1076. Wanda ya cika tukunyar yana iya zama ba ya jin Larabci, ɗan kwana-kwanan garin Atbara da ke kan hanyar kuma bai san harshensa ba, amma lamba kowa ya gane ta.

Ko kun san har jerin rubutun takardar da ke rakiyar kayan ba a bar wa mai kaya zaɓi ba? Lamba ce farko, sai sunan kayan na hukuma, sai rukuninsa, sai sauran haɗarin da ke tattare da shi. Kulorin yana da biyu: yana rura wuta, yana kuma cin fata da ƙarfe. Sunan da kamfani ya laƙaba wa hajarsa don kasuwa ba ya wadatarwa. Dole a rubuta yawan tukwane da nauyinsu, da mai aikawa da mai karɓa, sannan mai aikawa ya sa hannu cewa gaskiya ya faɗa, ya kuma adana kwafi aƙalla wata 3.

Kada ku raina wannan layi na nauyi. Ranar 27 ga Yuni 2022, a tashar Akaba ta ƙasar Jodan, a wannan Bahar Maliya da Fot Sudan ke bakinta, igiyar ƙugiya ta tsinke da tankin kulorin mai tan 25 da ake lodawa zuwa Jibuti. Mutum 13 suka rasu, sama da 250 suka jikkata. Bincike ya gano nauyin tankin ya ninka ƙarfin igiyar kusan sau 3. A ganina takardar da ba a karanta ba, da ita da babu duk ɗaya.

Tukunyar da aka juye ma, in ba a wanke ta ba, sai an rubuta a takarda abin da ta ɗauka na ƙarshe. A teku waɗannan ƙa'idoji sun zama tilas tun 1 ga Janairu 2004. Jirgin sama kuwa, na fasinja ko na kaya, ba a yarda ya ɗauki kulorin ba sam.

Ko kun san Sudan ta shiga yarjejeniyar haramta makamai masu guba a 1999? A watan Mayu 2025 Amurka ta zargi gwamnatin ƙasar da amfani da irinsu a yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, gwamnatin ta musanta. A watan ne kuma kwalara ke ɗibar rayuka a Omdurman saboda rashin ruwa mai tsafta. Ko da yake kulorin iskar guba ce, hana shigo da shi ba mafita ba ce. Sanin hannun da kowace tukunya ta faɗa shi ne aikin takardar.

Na ƙarshe naku ne, direbobi da masu sana'a a bakin titi. Kulorin ya fi iskar da muke shaƙa nauyi sau 2.5, lita ɗaya ta ruwansa kuma tana zama iska lita 450 ko fiye. In kun ga farin tambari mai ƙoƙon kai da ƙasusuwa da lamba 2 a jikin motar da ke yoyo, ku nufi inda iska ke tahowa, ku hau tudu, kada ku fake a kwari.