Zaɓen Taya da Rim Domin Keken Wasan Polo

Mutanen Katsina da Kano da Kaduna ba su bukatar a yi musu sharhin wasan polo, wato ƙwallon dawaki, domin sun daɗe da saninsa. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka ji labarin cewa tun a shekarar 1891 wani mutumin ƙasar Ayalan, Richard Mecredy, ya sauke wannan wasa daga bayan doki ya ɗora shi bisa keke, har aka yi nuninsa a wasannin Olimfik na Landan a 1908, inda Ayalan ta rinjayi Jamus. Wancan a kan ciyawa ake yinsa. Irin wanda ya fi yaɗuwa a zamaninmu kuwa ya samo asali ne a birnin Siyatil na Amurka wajen shekarar 2000, a hannun samari masu kai saƙo a kan keke, waɗanda suka mai da shi kan daɓen siminti da kwalta, mutum uku-uku a kowane ɓangare, bisa sharaɗin cewa duk wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya fita daga wasa sai ya je ya taɓa alamar da ke tsakiyar fili.

Wanda ya fahimci wannan sharaɗi ya fahimci dalilin da ya sa mas'alar ƙafar keke ta zama babba a wurin 'yan wasan. Mai keken tsere sauƙin nauyi yake nema, alhali kuwa mai polo, wanda zai tsaya cak, ya juya a ɗan taƙi, ya yi karo da abokin hamayya, ya kuma gitta kekensa a bakin raga domin ya tare ƙwallo mai tauri da aka bugo da iyakar ƙarfi, ƙafar kekensa ta zame masa abin hawa da garkuwa a lokaci guda. A ganina, duk wanda ya fifita sauƙin nauyi a kan ƙarfi a wannan wasa ya sa kuɗinsa inda ba za su daɗe ba.

Akwai saɓani tsakanin 'yan wasan game da girman ƙafar. Waɗansu sun riƙi wadda ake kira 700C, mai faɗin milimita 622 daga inda taya ke zama zuwa ɗaya gefen, hujjarsu kuwa ita ce ta fi riƙe gudu idan ta ɗauka, kuma ta fi rufe bakin raga ga mai tsaro. Waɗansu kuma sun zaɓi mai inci 26, wato milimita 559. Bambancin milimita 63 ne kacal, amma fa'idarsa ba kaɗan ba ce, domin ƙaramar ƙafa ta fi saurin tashi daga tsaye, tana ba da damar a gajarta jikin keken ya juya cikin ƙunci, ba ta cika gugar yatsun ƙafar mahayi ba idan ya karya kan keken sosai, kuma da yake wayoyinta gajeru ne, ta fi jure bugun gefe. Ra'ayin nan na biyu ya fi rinjaye a wurina, sai dai ga dogon mutum wanda babban keke ya fi dacewa da shi.

Abin da kusan aka yi ijma'i a kansa shi ne rim, wato da'irar ƙarfen da taya ke zama a kanta. Wajibi ne ya kasance mai bango biyu, domin mai bango ɗaya, da zarar ya sha karo ko ya daki katangar fili, sai ya lanƙwashe, kuma abin da ya lanƙwashe sosai da wuya ya koma daidai, ko da gwanin gyara ne ya ɗaure shi. Sai kuma yawan wayoyin da ke haɗa rim da cibiyar ƙafa. Keken da aka saba gani yana da 32 ko 36, amma 'yan polo da yawa sukan nemi 48, bisa dalilai biyu: na farko, idan kan sanda ya shiga ya tsinke waya ɗaya, sauran za su ɗauke nauyinta har a gama wasa ba tare da ƙafar ta karkace ba; na biyu, ratar da ke tsakaninsu takan ƙuntata har ƙwallon, wanda bai kai girman lemon zaƙi ba, ya yi wuyar ratsawa. A farkon al'amari, waɗanda ba su sami irin wannan ba sukan yanka allon roba mara nauyi, su huda shi, su ɗaure a jikin wayoyin ya rufe ƙafar baki ɗaya, illarsa kawai ita ce iska tana kama shi. Lalle ne mai saye ya tuna cewa adadin hujin rim da na cibiya dole su zo daidai, kuma cibiya mai huji 48 ba a kowane kanti ake samunta ba.

Idan an gama da rim sai a koma ga taya, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin sukan sayi taya tukuna sannan su nemi inda za su sa ta. A gefen kowace taya akwai lambobi biyu a rubuce, misali 37-622 ko 40-559: ta farko faɗin tayar ce a milimita, ta biyu kuwa girman rim ɗin da za ta hau, kuma wannan ta biyun ba ta karɓar kusa-kusa, sai daidai. A kan daɓe mai santsi, taya mai sulɓi ta fi mai ƙusoshin roba kama ƙasa, saboda fuskarta duka tana taɓa daɓen, ƙusoshin kuwa lanƙwashewa suke yi a lokacin juyi. Siririyar taya irin ta tsere ba ta da amfani a nan. Matsakaiciya, daga milimita 32 zuwa wajen 40, ita ce take ba mahayi natsuwa sa'ad da ya tsaya ya dogara da sandarsa. Amma faffaɗar taya a kan siririn rim takan kwanta gefe idan an karya kwana, don haka sai an auna faɗin cikin rim ɗin da ita.

Iskar da ake hurawa ita ma tana da mizani. Idan ta yi yawa tayar takan yi tsalle ta zame. Idan ta yi kaɗan, bakin rim yakan matse robar ciki a jikin ƙasa ya yi mata huji biyu gefe da gefe, abin da masu faci suka sani sarai. Nauyin mahayi da yanayin daɓen su ne ke yanke hukunci, matuƙar ba a ƙetare iyakar da aka rubuta a jikin tayar ba.

Saura batun birki, wanda ya kamata a warware shi tun kafin a biya kuɗin rim. Mai amfani da birkin da ke matse gefen rim yana bukatar rim mai shimfiɗaɗɗen gefe, kuma ƙafar keken na ɗan karkacewa birkin zai fara guga. Birkin faifai, wanda ke kama wani faranti a cibiyar ƙafa, bai damu da wannan karkata ba, shi ya sa da yawa suka koma gare shi a ƙafar gaba, sai dai yana bukatar cibiya ta musamman, da kuma murfin da zai kare farantin daga bugun sanda, ya kare hannuwan 'yan wasa daga kaifinsa idan an faɗi.