Rabon Aiki Tsakanin Mai Haɗa Sauti da Mai Gyaran Ƙarshe

Bayan an gama ɗaukar waƙa a situdiyo, sai ta bi ta hannu biyu kafin ta isa kunnen mai sauraro. Na farko shi ne mai haɗa sauti, aikin da 'yan situdiyo ke ce wa miksin. Na biyu kuma mai gyaran ƙarshe, wato mastarin. Kayan aikinsu sun yi kama, amma abin da ake ɗora wa kowannensu a kan tebur daban ne, kuma daga nan ne rabon aikin ya samo asali.

Mai haɗa sauti yana karɓar waƙar ne a warwatse. Muryar mawaƙi na kan layinta, 'yan amshi na kan nasu, haka ganga da jita da fiyano. Shi zai ɗaga wannan, ya sauke wancan, ya tura wani sauti kunnen dama, wani na hagu. Idan kaurin ganga yana danne murya, ya rage shi. Idan mawaƙi ya yi ihu a wani baiti ya yi raɗa a wani, ya daidaita su, sannan ya sa amsa-kuwwa gwargwadon buƙata. Da ya kammala, sai ya dunƙule komai ya zama fayil ɗaya mai hanya biyu, dama da hagu.

Wannan dunƙulallen fayil shi kaɗai mai gyaran ƙarshe yake gani. Duk abin da ya taɓa, waƙar gaba ɗaya ya taɓa. Aikinsa shi ne ya daidaita kauri da kaifin sautin, ya ƙara masa ƙarfi daidai misali, ya tabbatar waƙar za ta yi daɗi a mota da rediyo da ƙaramar lasifikar waya. In kundi ne, shi ke jera waƙoƙin, ya sa tazara tsakaninsu, ya hana wata fin wata ƙara. Matsayin mai haɗa sauti da mai gyaran ƙarshe kamar na tela ne da mai bugun shadda: bugu yana fito da sheƙi, amma ba ya miƙe wuyan rigar da aka ɗinka a karkace. Don haka in murya ta nutse cikin kiɗa, gwanin mastarin yakan mayar da aikin ne ga mai miksin.

Sana'ar gyaran ƙarshe ta taso ne daga yankan faifan garmaho. Da faifan tef ya shiga situdiyoyin Amurka a 1948, sai aka ware ma'aikacin da zai kwashe sauti daga tef ya zana shi a kan faifai. Dole ya lura da kaurin sauti, domin in ya yi yawa allura na iya tsalle daga layinta. Faifan CD da ya fito a 1982 ya kawar da wannan matsala, amma ya buɗe ƙofar wata: gasar ƙara, kowa na son waƙarsa ta fi ta wani amo.

Kundin Death Magnetic na ƙungiyar Metallica, wanda ya fito a 2008, ya nuna abin da ke faruwa in wani ya shiga hurumin wani. Masu saurare sun yi ta ƙorafin cewa sautin yana tsagewa saboda matse shi da aka yi don neman ƙara. Ted Jensen, wanda ya yi gyaran ƙarshen, ya bayyana cewa tun daga wurin haɗawa aka kawo masa waƙoƙin a matse har ƙurya. Ba a bar masa wurin motsi ba.

Shi ya sa ake son mai haɗa sauti ya miƙa fayil nau'in WAV maimakon MP3, ya kuma bar sarari na 'yan desibel a sama, kada ya matse shi don neman ƙara. Yanzu ma gasar ta rage riba, tunda manhajar sauraron waƙoƙi ta Spotify na daidaita ƙarfin waƙoƙi a ma'aunin -14 LUFS, wadda ta zarce a sauke ta.

A ƙananan situdiyoyi, har da na Kano da Kaduna, sau da yawa mutum ɗaya ke yin aikin biyu a kwamfuta ɗaya. Hakan ba laifi ba ne, sai dai kunnen da ya wuni kan waƙa yakan saba da aibinta. Dabarar ita ce ya rufe miksin, ya fitar da fayil, ya bar shi ya kwana, sannan ya dawo masa a matsayin mai gyaran ƙarshe. In ya ji murya ta yi ƙasa, ya koma layinta ya gyara ta a can.