Kalmomin Ciwo a Hausa da Matsayinsu Wajen Jiyyar Daɗaɗɗen Ciwo

1.0 Gabatarwa

Likitoci na kiran ciwo daɗaɗɗe idan ya haura wata 3, kamar ciwon baya da na amosanin jini. Tun da Melzack da Wall suka fito da ra'in ƙofa a 1965, aka fahimci cewa tsoro da damuwa suna iya ƙara kaifin abin da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Wannan na daga cikin abin da ya ƙarfafa jiyya ta hanyar tattaunawa, inda ake koya wa majiyyaci sauya tunaninsa game da ciwon, da sassauta jiki, da komawa aiki sannu a hankali. Makamin wannan jiyya kuwa magana ce, shi ya sa ta shafi manazarcin harshe.

2.0 Matsalar Kalma

Kalmar ciwo ta haɗa cuta da rauni da abin da ake ji a jiki. Idan Bahaushe ya so rarrabewa sai ya ce raɗaɗi, ko zogi, ko suka, ko kai yana sara, ko gaɓɓai sun yi tsami. Ma'aunin McGill da Melzack ya wallafa a 1975 an gina shi ne a kan kalmomin Ingilishi 78, waɗanda ba kowace ce ke da takwara a Hausa ba.

Lamarin ya fi tsanani a unguwa irin Tudun Fulani da ke Bosso, Minna, inda Bagware da Banufe da Bafillace ke haɗuwa a kan Hausa. Mai bayyana ciwonsa da harshe na biyu yakan tsaya ga zafi kawai. Ga kuma kunya da fulaku, masu hana raki a gaban baƙo.

Mu ɗauki haƙuri. Mai jiyya na son majiyyaci ya amince da zaman ciwon, ya ci gaba da harkokinsa, yana faɗin abin da yake ji. Amma a bakin jama'a "yi haƙuri" sau da yawa na nufin "yi shiru". A ganinmu, mai fassarar da ya ɗauki kalmar yadda take zai sa majiyyaci ya ɓoye abin da aka zo ji. Juriya ma ba ta tsira ba, domin tana iya sa manomi ya yi ta huɗa har bayansa ya kwantar da shi.