Dodon koɗi: zafi bai kashe shi ba, sanyi bai kore shi ba

Kwanakin baya, a cikin shirinmu na rediyo, wata baiwar Allah mai saida salati da shu ta bugo waya tana neman shawara. Ɗanta mai shekara tara ya fara fitsarin jini. Kakar yaron ta ce zafin rana ne ya buge shi, a jiƙa masa tsamiya. Maƙwabciya kuma ta ce alamar girma ce, namiji ya kusa kawo ƙarfi. Ita dai uwar hankalinta bai kwanta ba, domin yaron yana ramewa, kuma ya daina son zuwa lakwal.

Masu karatu, wannan ciwo tsargiya ne, wanda a likita ake kira bilarziyoz. Rana ba ta sa shi, kuma ba alamar balaga ba ne. Amma maganar kaka ba ta faɗi ƙasa duka ba: zafi yana da hannu a ciki, sai dai ta wata hanya ce, ta hanyar wani ɗan dodon koɗi na cikin ruwa wanda yawanci bai wuce ƙwayar wake girma ba.

Yadda abin yake tafiya

Tun a 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar da ke kawo ciwon a ƙasar Masar. Sai a 1915 aka tabbatar da cewa tsutsar ba ta iya tashi daga mutum zuwa mutum sai ta ya da zango cikin dodon koɗi. Mai ciwon ya yi fitsari a tabki, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, ƴaƴan su shige jikin dodo. Can ciki suke hayayyafa, bayan mako 4 zuwa 6 su fara fitowa ɗaruruwa kowace rana. Ido ba ya ganin su. Fatar mutum suke hudawa su shiga, ko babu rauni ko ƙurji. Tsutsar kan yi shekara 3 zuwa 5 a jiki, wani lokaci fiye da haka.

Ke nan in babu dodo babu tsargiya. To me ya sa zafin bazara, da ke wuce digiri 40 a Maraɗi da Tawa, bai gama da shi ba?

Dabarun zaman bazara

Dodon koɗi ba shi da ɗumin jiki na kansa kamar mu ko akuya. Yadda ruwa yake haka jikinsa yake. Ya fi jin daɗin ruwa mai kamar digiri 25: nan ne yake ci sosai, yana lasar gansakuka da ruɓaɓɓen ganye, yana saka ƙwai a ƙarƙashin ganyen bado. In ruwa ya haura digiri 30 ya daɗe a haka, ƙwai ya ragu, mutuwa ta yi yawa.

Sai dai yana da dabara. Da rana ta take, sai ya sauka ƙasa inda ruwa ya fi sanyi, ko ya laɓe a inuwar kainuwa da kacalla. Ruwan ɗumi iskar shaƙa ba ta da yawa a cikinsa, amma shi wannan dodo yana da wani abu kamar huhu, yana hawowa bisa ruwa ya shaƙi iska ya koma. Jininsa ma ja ne, mai riƙe iska kamar namu.

Babbar dabarar tana zuwa ne sa'ad da tabki ya fara ƙafewa. Kafin laka ta bushe, sai ya nutse cikinta, ko ƙarƙashin saiwar ciyawa, ya janye jikinsa can cikin koɗi, ya toshe bakin da yauƙi. Ba ci, ba motsi, numfashi kaɗan-kaɗan. Irin da masana ke kira Bulinus senegalensis, na ƙananan tabkunan damina, yana iya yin wata 6 ko fiye a haka. Da yawa suna mutuwa, gaskiya ne. Amma ƴan kaɗan da suka tsira sun isa, domin kowane ɗaya namiji ne kuma mace, yana iya yin ƙwai shi kaɗai. Ruwan farko ya sauka, cikin ƴan makonni tabki ya sake cika da su. Don haka tabkin da muka ga ya tsage ƙaƙas a watan Afrilu, har yara suna buga ƙwallo a ciki, bai tsarkaka ba. Maƙiyin barci kawai yake.

Da ɗari kuma fa?

A watan Disamba da Janairu, lokacin da ruwan randa ke cizon haƙori da asuba, dodo yana rage komai: ci kaɗan, ƙwai kaɗan, girma a hankali. Tsutsar da ke cikinsa ita ma tana jinkirin nuna. Amma sanyin ƙasarmu bai kai ya kashe shi ba. Hasali ma, sanyin Turai bai kashe shi ba: a 2013 mutane sun ɗauki tsargiya a kogin Kabu na tsibirin Korsika a Faransa, inda dodon ke wuce hunturu lafiya lau.

A ruwan da ba ya ƙafewa, irin na Madarumfa, Tabalak ko Gidimuni, da magudanan fadamun shinkafa na bakin kogin Kwara, dodo ba ya ma buƙatar dogon barci. Watannin sanyi zuwa farkon bazara suna yi masa daɗi, kuma daidai lokacin ne ake cikin garka ana ban ruwan albasa, tumatir da salati.

Ba duka iri ɗaya ba ne. Akwai wani mai faɗin koɗi kamar faifai, Biomphalaria, mai ɗauke da tsargiyar hanji. Shi ba ya jure zafi sosai, sai inda ruwa ke tsaye shekara duka. A Senegal, bayan gama madatsar ruwan Diama a 1986, wannan dodo ya samu wurin zama, kuma a 1988 tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard-Toll inda a da ba a san ta ba. Mahauta ma sun san aikin wani ɗan uwansa: tsutsar nan mai kamar ganye da ake tararwa a hantar saniya ko tunkiya, har a zubar da hanta a yi asara, ta jikin dodon ruwa take biyowa.

Tsakar rana ce lokacin haɗari

Ga inda maganar kaka ta haɗu da ta likita. Haske da ɗumin rana su ne ke tada tsutsotsin daga jikin dodo. Sun fi fitowa daga hantsi zuwa bayan azahar. Lokacin nan ne yara ke faɗawa tabki don su sha iska, mata kuma suna tsaye cikin ruwa har gwiwa suna wanki, ko wanke karas da salatin da za a kai kasuwar yamma. Cin salatin ba shi ne ke kawo tsargiya ba. Tsayuwa cikin ruwan ce.

Mata su lura da kyau. A wurinsu ciwon ba kullum yake nunawa da jan fitsari ba. Yana zuwa da ciwon mara, ƙaiƙayi, farin ruwa, ko ganin jini bayan kwanciyar aure. Sau da yawa a ce sanyi ne, a yi ta kashe jika bayan jika wurin masu tallar magani a kai, har a zargi miji ko kishiya, alhali tushen abin yana bakin tabki. In aka bar shi, yana iya hana haihuwa, yana lalata mafitsara da ƙoda.

Abin da ke hannunmu

Tsutsar da ta bar jikin dodo ba ta daɗewa in ba ta samu mutum ba. Ruwan tabki da aka ɗebo aka ajiye kwana 2 a tulu ko bido ya yi wanka da wanki. Haka wanda aka tafasa ya huce. Wadda ba ta da makawa sai ta shiga ruwa, ta yi sammako, ta ɗebo da bokiti ta yi aikinta a tudu. Mai garka ya samu takalmin roba dogo. A riƙa cire ciyawar magudana, domin ita ce inuwar dodo da abincinsa. A hana yaro fitsari da bayan gida a ruwa.

Maganin kuma akwai shi, sunansa prazikantel. Tun 2004 Nijar ta fara rabon sa kyauta ga jama'a, musamman ƴan lakwal. Ana auna tsawon mutum da sanda a ba shi adadin da ya dace, kuma ana sha ne bayan an ci abinci. Yana kashe tsutsa, amma ba ya hana sake ɗauka in an koma ruwan.

Hajiya mai salati mun ce mata ta kai yaron likita a auna fitsarinsa, ta haɗa da ƙannensa da suke wanka tare, ita ma kanta a duba ta. Ku ma da kuke karanta wannan a rumfa, in an zo rabon magani a unguwa ko a lakwal, kada a ɓoye yara. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.