Yadda Kuratan West Point Suka Ci Ribar Kasuwar da Aka Hana Su Shiga

A watan Disamban 2024, jami'ar Marshall ta sanar cewa ba za ta buga wasan ƙarshen kaka da aka haɗa ta da makarantar horar da hafsoshin sojan ƙasa ta West Point ba. Kocin Marshall ya tafi wata jami'a, 'yan wasanta da dama sun rubuta sunansu a rajistar masu neman sauya sheƙa, har ta ga ba ta da isassun waɗanda za ta fito da su fili. Aka kawo Louisiana Tech ta maye gurbinta, kuratan soja suka lallasa ta da ci 27 da 6. Wannan ita ce nasararsu ta 12 a wasanni 14, abin da makarantar ba ta taɓa yi ba a kaka ɗaya.

Abin da ya sami Marshall shi ne bakin zaren. Ƙwallon Amurka na jami'o'i, wanda ake ruga da shi a hannu, ya sauya kama cikin 'yan shekaru. A 2018 aka buɗe rajistar sauya makaranta. A 2021 aka halatta wa ɗalibi ya karɓi kuɗin talla da sunansa da hotonsa, aka kuma cire dokar da ke zaunar da shi shekara guda in ya canza jami'a karon farko. Daga nan ƙungiyoyi suka koma kamar tashar mota, wasu na sauka wasu na hawa.

West Point ba ta cikin wannan ciniki. Kuratanta ma'aikatan gwamnatin tarayya ne, dokar aiki ta hana su kuɗin talla. Ba a shigo mata daga tsakiya: ko daga wace jami'a ka zo, daga ajin farko za ka soma, kuma bayan kammalawa akwai aikin soja na shekara biyar. Da farko kowa ya ɗauka wannan zai durƙusar da ita. Sai ga shi ya bar mata abin da ya yi wa saura wuyar samu, wato 'yan wasan da suka shekara uku ko huɗu tare, ƙarƙashin koci guda. Jeff Monken yana riƙe da ƙungiyar tun kakar 2014, kuma shi ne ya karya mata ƙangin shan kashi sau 14 a jere a hannun makarantar sojan ruwa a 2016.

Salon wasansu shi ke mayar da wannan sabo ya zama maki. Jagoran hari yana karɓar ƙwallo, ya sa ta a cikin wanda ke rugowa daga bayansa, idonsa na kan mai tsaron baya guda ɗaya da aka bari da gangan ba a tare shi ba. In mai tsaron ya faɗa ciki, sai ya zare ƙwallon ya ruga gefe. In wani ya taso masa, ya cilla wa na kusa da shi. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. Mutanen da suka haɗu watanni uku da suka wuce ba za su iya shi ba. Da shi kuratan suke cinye lokaci, su bar abokan hamayya zaune a benci suna kallo. Jagoran harinsu, Bryson Daily, ya kai ƙwallo gidan abokan karawa da ƙafarsa sau 32 a kakar 2024, ya kafa tarihi a tsakanin masu riƙe irin gurbinsa, ya zo na shida a zaɓen kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i. A shekararsu ta farko a gasar American suka ɗauki kofi, bayan doke Tulane 35 da 14 a filinsu na Michie. Sojan ruwa ma sun ci wasa 10, kuma a watan Oktoba makarantun biyu suka shiga jerin gwanaye na kamfanin dillancin labarai na AP a lokaci guda, karon farko tun 1960.

Amma ban yarda da masu cewa tarbiyya ta yi galaba a kan kuɗi ba. Notre Dame ta yi wa kuratan West Point ci 49 da 14 a filin Yankee, kuma duk wanda ya kalli wasan ya ga bambancin girman jiki da gudu, wanda atisaye ba ya cike shi. Ribar zaman tare tana aiki ne a kan ƙungiyoyin tsaka-tsaki, waɗanda manya ke kwashe wa gwanaye kowace shekara. Sannan sojan ruwa sun doke su 31 da 13 a wasan da ake bugawa tun 1890, wanda a wurin tsofaffin ɗaliban makarantar ya fi kowane kofi nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar ta buɗe ta gefe ɗaya. Kurtu yana iya barin makarantar kafin ya shiga aji uku ba tare da bashin aikin soja ba. Kanye Udoh, wanda ya ruga sama da yadi 1,000 a kakar, ya bi ta nan zuwa jami'ar Arizona State. Ba na ganin laifin matashin da aka nuna wa kuɗi da hanyar zama ƙwararre. Sai dai makarantar ba ta da yadda za ta sayo madadinsa, kuma yawan nasara shi ke jawo idon masu saye. A watan Yunin 2025 kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, makarantun soja kuwa ba sa ciki. Daily ya kammala ya sa kaki. A wasan farko na kakar 2025, Tarleton State, ƙungiyar da ke rukuni na ƙasa da nasu, ta zo har Michie ta doke su 30 da 27. Mako guda bayan haka kuratan suka je gidan Kansas State suka doke ta 24 da 21.