Kewar PES da Son Gonar Gem: Me Ya Sauya a Wasannin Bidiyo?

Duk inda aka tara mazan da suka haura shekara talatin, a Kano ko Kaduna ko Jos, aka tayar da zancen ƙwallon gem, ba a jimawa sai wani ya ambaci Adriano na PES 6, wasan da kamfanin Konami na Japan ya fitar a 2006. An ba ƙarfin bugunsa maki 99, kuma da ya samu ƙwallo a ƙafar hagu gola ya shiga uku. Daga nan sai a tuno Obafemi Martins lokacin yana Inter Milan, wanda babu ɗan bayan da ke iya kamo shi, sai Roberto Carlos da ake ciro shi daga baya a kai shi gaba saboda gudunsa. Waɗanda suka fi shekaru sukan koma zamanin Winning Eleven na PlayStation ta farko, inda Tijjani Babangida, ɗan Kaduna da ya taka leda a Ajax, yake cikin mafi gudu a wasan baki ɗaya. Har yau akwai mutane a Asiya da Kudancin Amurka da suka san sunan Babangida ta dalilin gem kawai. Hirar kuma kusan kullum wuri ɗaya take tsayawa: gem ɗin yanzu ya fi kyan hoto, fuskokin 'yan wasa kamar ka taɓa su, amma daɗin ya ragu.

A daidai wannan lokaci, sa'annin waɗannan mutane a Turai da Amurka da Japan sun karkata ga wani nau'in wasa da babu cin ƙwallo a cikinsa, babu ma abokin hamayya. Shuka ake yi, a kama kifi, a gyara ɗaki, a gaisa da maƙwabta. Animal Crossing: New Horizons ya sayar da kwafi sama da miliyan 40, Stardew Valley ma ya haura wannan adadi. A ganina kewar tsohuwar PES da rububin waɗannan wasanni na natsuwa daga tushe ɗaya suka fito, kuma tushen yana ga yadda kamfanoni suka sauya hanyar neman kuɗi a jikin ɗan wasa.

Ya kamata a fara tuna yadda ake buga gem ɗin da ake kewa. Shago ne ƙarami da benci biyu ko uku, talabijin mai ƙeya, PlayStation 2 da aka yi wa aiki don ta karɓi kwafin faifai, da janareta a ƙofa saboda ɗaukewar wuta. Ana biyan kuɗi wasa-wasa, dokar kuma sananniya ce: wanda aka ci shi zai tashi, a wasu shagunan shi ne ma zai biya. Masu kallo sun fi masu bugawa yawa, kowa da shawararsa, kowa da tsiyar da zai yi wa wanda aka zura wa uku kafin hutun rabin lokaci. Akwai hannun gem da maɓallinsa ya lotsa, an naɗe wayarsa da salatif, kuma duk wanda ya sha kashi da shi a kansa zai ɗora laifi. Konami ba ta da lasisin yawancin ƙungiyoyin Ingila, don haka a wasu shekarun Manchester United sunanta Man Red, Liverpool kuma Merseyside Red, sai mai shago ko wani gwani ya zauna ya gyara sunayen ɗaya bayan ɗaya ya adana a memori. Wanda ke da na'ura a gida yana da Master League, inda ake ba shi 'yan wasan ƙirƙira marasa ƙarfi irin su Castolo da Minanda, ya yi ta fama da su kaka bayan kaka har ya tara abin sayen gwarzo guda. Da an mallaki faifan, ciniki ya ƙare. Babu abin da kuɗi zai ƙara wa mutum a cikin fili.

A 2009 kamfanin EA, mai wasan FIFA, ya shigo da wani sashe mai suna Ultimate Team. Mutum zai haɗa tawagarsa da katunan 'yan wasa, katunan kuma suna zuwa ne a ƙunshi rufaffe da ake saya da kuɗin cikin wasa ko da kuɗin gaske, ba tare da an san wanda ke ciki ba. Ana iya dacewa da Mbappe, amma sau da yawa 'yan benci ake tararwa. A shekarar kuɗi ta 2021 kamfanin ya bayyana cewa wannan sashe, a wasanninsa na motsa jiki gaba ɗaya, ya kawo masa dala biliyan 1.62. Kamfanin da ya ga irin wannan riba ba zai ɓata ƙarfinsa a kan sashen da aboki biyu ke bugawa a benci ɗaya ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan ƙunshi caca ne, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin sayensu a ƙasar. Abin da ya fi ci wa 'yan wasa rai shi ne duk kakar da sabon wasa ya fito, tawagar da aka kashe wa kuɗi da dare ba ta bin mutum. Daga farko zai sake.

Konami ta bi sahu. A 2021 ta jingine sunan PES ta fito da eFootball, kyauta, amma da shago a ciki. Fitowar farko a ƙarshen Satumba na shekarar ta zo da kurakurai masu yawa, fuskoki a murɗe, 'yan wasa na gudu hannu a baya, har ya zama wasan da ya fi shan suka a dandalin Steam a lokacin, kamfanin kuma ya nemi afuwa. An gyara da yawa daga baya. Sai dai ya fito babu Master League, wato babu abin da tsofaffin masoyansa suka fi ƙauna. A ɗaya ɓangaren EA da hukumar FIFA sun raba gari bayan kusan shekara talatin, daga 2023 wasan ya koma EA Sports FC. Wanda ya tashi da muhawarar PES ko FIFA ya wayi gari babu ko ɗaya daga cikin sunayen biyu a kasuwa.

Za a iya cewa duk wannan kewar ƙuruciya ce kawai, kuma akwai gaskiya a ciki. Mai shekara goma sha biyar da ba shi da kuɗin haya a wuyansa komai daɗi yake masa, tsohuwar PES ɗin ma tana da gololi masu sakin ƙwallo da alƙalai marasa kan gado. Amma bambancin da 'yan wasa ke kuka da shi ana iya nuna shi da yatsa. A da idan an ci ka, wanda ya ci ka yana gefenka, gobe ka rama. Yanzu baƙo ne a wata ƙasa, mai yiwuwa ya fi ka kashe kuɗi, mai yiwuwa netwok ɗinsa ya fi naka, kuma wasan yana lissafa maka gasar mako da ladan yini da za su wuce ka idan ba ka shiga ba. Mutane da yawa suna kashe na'ura ransu a ɓace fiye da yadda suka kunna ta.

A nan wasannin natsuwa suka samu ƙofa. Ba sababbi ba ne. Harvest Moon ya fito a Japan tun 1996, daga tunanin Yasuhiro Wada, wanda ya tashi a karkara ya koma Tokyo yana kewar gida. Animal Crossing ya biyo baya a 2001, kuma Katsuya Eguchi ya sha bayyana cewa kaɗaicin da ya ji bayan ya bar danginsa da abokansa ya koma Kyoto aiki shi ne asalin wasan. Stardew Valley kuwa mutum ɗaya ne, Eric Barone, ya yi shekara huɗu da rabi yana haɗa shi, zane da kiɗa da rubutu duka, ya fitar a 2016. Labarin ya fara ne da ma'aikacin ofis da aiki ya gallaba, ya ajiye ya tafi gonar da kakansa ya bar masa. Barone ya ci gaba da ƙara sababbin abubuwa har 2024 ba tare da ya karɓi ko sisi a kan ƙarin ba, kuma masu wasan suna yawan kafa hujja da wannan idan suna kwatanta shi da manyan kamfanoni.

Tsarin Animal Crossing ya cancanci a duba shi da kyau. Agogon wasan agogon duniya ne: idan dare ya yi a garinku dare ya yi a tsibirin, shago ya rufe, sai gobe. Wanda ya shuka bishiya sai ya jira kwanaki. Tom Nook, mai gina gidaje, yana ba da bashi babu ruwa babu wa'adi, ka biya ran da ka samu. Idan ka yi wata biyu ba ka leƙa ba, ciyawa za ka tarar da maƙwabta masu cewa sun yi kewarka. Fitowar New Horizons ta faɗo ranar 20 ga Maris 2020, daidai lokacin da korona ta kulle mutane a gida, sai tsibirin ya zama wurin ziyara. An yi bukukuwan zagayowar haihuwa a ciki, an yi na kammala karatu, wasu da aka ɗage musu aure sun yi shagalinsa a can. Abin da masu wasan ke tunawa ke nan, wanda ya zo musu da abin da ya kawo, kuma idan aka saurara da kyau irin tunanin masu gidan gem ne. Wani bincike na Jami'ar Oxford a ƙarshen 2020, da ya yi amfani da ainihin lokutan wasa daga Nintendo da EA, ya samu 'yar alaƙa tsakanin yawan wasa da jin daɗin rai, ko da yake masu binciken ba su ce wasan ne ya jawo hakan ba.

Wannan nau'i ma yana da nasa tarkon. FarmVille, da ya mamaye Facebook a 2009, a zamaninsa amfanin gonarsa yana bushewa idan ba a dawo a kan lokaci ba, sannan a sayar maka da maganin bushewar. Hay Day da makamantansa a waya suna sa jira mai tsawo don a sayi lu'ulu'un gaggawa. The Sims 4 ya koma kyauta a 2022, amma wanda zai sayi duk ƙarin da aka yi masa sai ya kashe sama da dala dubu. Wasa mai laushi yana iya cinye dare kamar mai zafi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019 ba ta ware wani nau'i ba.

A ƙasar Hausa waɗannan wasanni ba su kafu kamar ƙwallo ba, dalilan kuma a fili suke. Animal Crossing: New Horizons sai da na'urar Nintendo, wadda ba ta taɓa yin kasuwa a nan kamar PlayStation ba. Wasannin cike suke da hira a rubuce da Turanci, ƙwallo kuwa ba ta buƙatar fassara. Mai shagon gem ba zai iya sayar da minti goma na wasan da babu wanda ya ci ba. Sannan noma mafarki ne ga ma'aikacin Tokyo, amma saurayin da ya yi noman farko da maimai a damina ya san abin da fartanya ke yi wa baya. Duk da haka wayar hannu ta buɗe wata hanya. Gidan gem wurin maza ne tun asali, yarinya ba ta shiga, yanzu kuwa wasan gona ko na girki ko na gyaran gida yana cikin wayar 'yan mata da matan aure, a ɗakinsu.

Wayar ce kuma ta fi taɓa gidan gem. Dream League Soccer da eFootball sun sa ƙwallo a aljihun duk mai Android, wannan ci gaba ne ga yaron ƙauyen da babu shago kusa da shi. Amma cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu 2023 ya ninka kuɗin kunna janareta, faɗuwar naira ta sa PlayStation 5 ta yi wa ƙaramin mai shago nisa, ƙarin kuɗin data na 2025 kuma ya sauka a kan masu bugawa ta intanet. Yara suna buga ƙwallo fiye da da, sai dai kowa kansa a sunkuye a kan allonsa. Abin da ya fi damuna shi ne ƙunshin katunan nan. Yaron da ya saba biyan kuɗi ya jira sa'a ya riga ya koyi rabin darasin shagon caca, kuma shagunan suna nan a unguwanni, har Hisbah ta rufe da dama daga cikinsu a Kano a 2024.

Ban ga hikimar hana yara gem gaba ɗaya ba, don za su buga a ɓoye, inda babu mai ganin abin da suke saya. Uba ko yaya ya karɓi wayar ya duba da kansa ko wasan yana da shago a ciki, ya cire katin banki daga asusun, ya kunna kullen saye da ke cikin Play Store. Idan akwai na'ura a gida, a sayi hannu na biyu, a ajiye ta a falo, a bar 'yan'uwa mata su ma su karɓa. Masu shagunan gem da suka rage kuma su riƙe gasar unguwa ta ido da ido, su hana sa kuɗi a kan wasa, iyaye za su fi sakin jiki su bar 'ya'yansu su zo.