Zaƙi a Harshen Jinjiri: Tahaniki da Ruwan Sukari wajen Rage Zafin Allura

A unguwar Gyallesu ta Zariya, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai gidajen da in an yi haihuwa ake tauna dabino a goga wa jinjiri a ganɗa, bisa koyi da sunnar Annabi (S.A.W.), watau abin da malamai ke kira tahaniki. Wasu kuwa zuma suke lasa masa. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba inda wannan al'ada ta haɗu da binciken likitoci, da kuma inda suka rabu.

A shekarar 1991 ne Blass da Hoffmeyer suka nuna, a ƙasar Amurka, cewa jinjirin da aka ɗiga wa ruwan sukari kafin a soki dunduniyarsa don ɗibar jini bai kai waninsa kuka ba. Bitar ƙungiyar Cochrane ta 2016, wadda ta tattara bincike 74 a kan jarirai fiye da 7,000, ta ƙarfafa wannan magana. Yadda ake yi a asibiti shi ne, a ɗiga ɗan kaɗan na ruwa mai sukari kashi 24 cikin 100 a gaban harshe, minti 2 kafin allura. Ɗanɗanon ne ke aiki, domin in aka zura ruwan ta bututu zuwa tumbi ba ya rage kuka.

Amma fa abin yana da iyaka. Da farko, binciken Slater da abokan aikinta a Landan a 2010 ya gano cewa yamutsa fuska tana raguwa, alhali saƙon zafi yana isa ƙwaƙwalwa kamar da. Ke nan zaƙi ba hujja ba ce ta miƙa jinjiri ga askar wanzami don cire belu ko tsaga. Na biyu, zuma tana iya ɗauke da ƙwayoyin botulizim masu shanye jiki, saboda haka ba a ba yaron da bai shekara ba. Na uku, ruwan sukarin gida ba shi da ma'auni, kuma tsabtarsa ba tabbas.

Shawararmu ga ungozomomi da ma'aikatan asibiti ita ce su fara da abin da ke hannun kowace uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata 6, a 2015 kuma ta ba da shawarar a shayar da shi lokacin allurar rigakafi. Inda shayarwa ba ta yiwu ba, sa'an nan ne ma'aikaci zai auna ruwan sukari ya ɗiga.